Jinya da ƙwayoyin halitta ga cututtukan garkuwar jiki: tambayoyi da amsoshi

Tun da labarin masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juya wa mai ita, da aka yi wa jinya da ƙwayoyin halitta a Jamus ya bazu, masu fama da irin waɗannan cututtuka da 'yan uwansu suke ta tambaya, 'yan kasuwa kuma suka samu abin talla. Akwai ci gaba na gaskiya a wannan fanni, amma jinya ce mai nauyi da tsada da haɗari, kuma yawancinta har yanzu tana matakin gwaji. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ake nufi da garkuwar jiki ta juya wa mai ita?

Aikin fararen ƙwayoyin jini shi ne gane baƙo su kai masa hari, su kuma ƙyale naman jikin mai su. Idan wannan ganewa ta lalace, sai su afka wa jikin da suke tsaro. Inda harin ya sauka shi ke ba cutar suna. A lufus yana iya sauka a fata da gaɓɓai da ƙoda da jini, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. A cutar da likitoci ke kira MS, rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka ake ci. A sikilerodama fata ce ke sandarewa, huhu ya yi tabo. A cutar Crohn hanji ne ke kumbura ya yi gyambo. Ciwon suga nau'in farko ma yana cikin wannan dangi, domin garkuwar jiki ce ke hallaka ƙwayoyin da ke samar da insulin.

Ƙwayoyi iri biyu ne za ku riƙa jin sunansu a nan: ƙwayoyin B, masu ƙera sinadaran da ke manne wa abokin gaba, da ƙwayoyin T, waɗanda wasunsu ke kisa, wasunsu ke ba da umarni, wasu kuma ke tsawatarwa. A lufus, ƙwayoyin B ne ke ƙera sinadaran da ke manne wa jikin mutum. Cikin masu lufus goma, kusan tara mata ne, akasari a shekarun haihuwa, kuma cutar ta fi tsananta ga baƙar fata, musamman ta ɓangaren ƙoda.

To mece ce jinya da ƙwayoyin halitta? Ba magani ba ne kamar sauran?

Ƙwayar magani ko allura sinadari ne marar rai: ya shiga jiki, ya yi aikinsa, hanta ko ƙoda su fitar da shi, gobe a sake sha. A nan kuwa abin da ake sa wa mutum rayayye ne. Yana iya hayayyafa a cikin jiki, ya bi jini ya shiga lungunan da magani ba ya kaiwa sosai, ya kuma zauna makonni ko watanni. Wannan ne ƙarfinsa, kuma wannan ne abin tsoronsa, tunda abin da aka riga aka sa ba a iya ɗebo shi a mayar cikin kwalba.

Abubuwa da dama ake kira da wannan suna, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai CAR-T, wato ƙwayoyin T da aka sauya musu ƙwayar gado. Akwai dashen uwayen ƙwayoyin jini, wanda aka fi sani da dashen ɓargo. Akwai wasu ƙwayoyi da ake ciro wa daga kitse ko ɓargo ko cibiyar jariri, waɗanda ake kira MSC. Akwai dashen ƙwayoyin insulin, da kuma ƙwayoyin T masu tsawatarwa. Nasarar ɗaya ba hujja ba ce ga ɗaya, kuma a wannan gaɓar ce ake yawan yaudarar mutane.

Me ya faru a Jamus da ake ta magana a kai?

Asalin CAR-T maganin sankarar jini ne. Ƙungiyar Carl June ta Jami'ar Pennsylvania na cikin waɗanda suka ɗora shi a kan hanya, kuma a watan Agustan 2017 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na farko, Kymriah na kamfanin Novartis. Dabarar ita ce a ɗauki ƙwayoyin T na mara lafiya, a sa musu wani ƙugiya da ke kama alamar CD19, wadda ke jikin ƙwayoyin B. Duk ƙwayar B da suka tarar, mai sankara ce ko lafiyayya, sai su kashe ta.

Likitoci biyu a asibitin Jami'ar Erlangen, Georg Schett mai kula da cututtukan gaɓɓai da garkuwa, da Andreas Mackensen mai kula da cututtukan jini, suka ce tunda ƙwayoyin B ne ke rura wutar lufus, bari a gwada. A 2021 suka ba da rahoton wata budurwa 'yar shekara 20 da cutar ta taɓa mata ƙoda da zuciya da huhu, magunguna duk sun gaza. Bayan jinyar alamun cutar suka kwanta, aka janye mata magunguna. A 2022 suka kawo rahoton mutum biyar, duka da irin wannan sakamako. A watan Fabrairun 2024 adadin ya kai 15: takwas masu lufus, huɗu masu sikilerodama, uku masu kumburin tsoka. Dukkansu sun daina shan magungunan danne garkuwa.

Abin da ya fi ba masana mamaki ba kashe ƙwayoyin B ba ne, dawowarsu ce. Bayan kimanin kwana 112 a matsakaici, ɓargo ya sake fitar da sababbi, amma cutar ba ta biyo su ba. Sababbin sun zo ɗanye, ba su ɗauko gabar da tsofaffin ke yi da jiki ba. Ga mutumin da aka gaya masa zai sha magani har ƙarshen ransa, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Ai akwai allurar rituximab da ke kashe ƙwayoyin B. Me ya bambanta su?

Zurfin shara. Rituximab yana share ƙwayoyin B da ke yawo a jini, amma yakan bar ragowa a kaluluwa da sauran nama, daga nan cutar ke sake tasowa. Manyan gwaje-gwajensa biyu a kan lufus ba su cimma abin da aka sa a gaba ba, duk da cewa likitoci na amfani da shi kuma yana taimakon wasu. Ƙwayoyin CAR-T kuwa da kansu suke kutsawa cikin nama suna farauta. Da aka ɗebi samfurin kaluluwar waɗanda aka yi wa jinyar, an tarar an share ƙwayoyin B ƙarƙaf.

Yaya ake yin jinyar a aikace?

Da farko ana rage wa mutum magungunan danne garkuwa, don a samu ƙwayoyin T masu kuzari. Sai ranar ɗiba. Mara lafiya na kwance, bututu ɗaya na fitar da jini zuwa wata na'ura mai juyawa, ta tsame fararen ƙwayoyi cikin leda, ragowar jinin ya koma jiki ta wani bututun. Aikin kan ɗauki awa uku zuwa shida. Da yawa sukan ji leɓɓansu da yatsunsu suna zuƙi-zuƙi, saboda sinadarin hana daskarewar jini yana rage kalsiyam, sai ma'aikaciyar jinya ta ba su kalsiyam ɗin su tauna ko ta sa musu a ruwa.

Ledar za ta tafi ɗakin gwaje-gwaje. A can ake amfani da wani bairos da aka cire wa dafi, ya shigar da sabon umarni cikin ƙwayar gadon ƙwayoyin T, sannan a rene su su yi yawa. A Erlangen wannan kan ɗauki kusan mako biyu, a wasu wuraren ya fi haka. Kwanaki kaɗan kafin a mayar da su, ana ba mutum maganin sankara iri biyu, fludarabine da cyclophosphamide, don a rage fararen ƙwayoyin da ke jiki a buɗe wa masu zuwa fili. Mayarwar kanta ba ta da wani armashi: 'yar leda ce ƙarama, a Erlangen ƙwayoyi miliyan ɗaya a kan kowane kilo na nauyin jiki, ta shige cikin mintuna. Idan daskararru aka kawo, ɗakin kan ɗauki warin tafarnuwa, numfashin mara lafiya ma haka, saboda ruwan da aka adana su a ciki.

Daga nan sai zaman jira a gadon asibiti na kimanin kwana goma. Kullum za a zo a tambayi mutum ina yake, wace shekara ake ciki, a nuna masa abubuwa uku ya faɗi sunansu, ya ƙirga daga ɗari zuwa ƙasa goma-goma, ya kuma rubuta jimla guda a takarda. Jimlar ta yau ana ajiye ta kusa da ta jiya. Idan rubutun ya fara karkacewa, alama ce ta farko cewa ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa.

Ke nan an samu maganin lufus?

A'a, ba a kai nan ba. Mutum 15 ba su da yawa, kuma zaɓaɓɓu ne, a asibiti guda, ba tare da wani rukuni da aka kwatanta su da shi ba. Cikin masu kumburin tsokar an samu wanda ciwon ya dawo masa daga baya, haka kuma a gwaje-gwajen wasu cibiyoyi an ga waɗanda ba su samu cikakken sauƙi ba. Lufus cuta ce da kan yi shiru shekaru ta sake tashi, saboda haka sai an bi mutane shekara goma ko fiye kafin a yi maganar warkewa. Har zuwa 2025 babu CAR-T ko ɗaya da hukumomin Amurka ko Turai suka amince a sayar don cutar garkuwar jiki. Duk wanda ya samu, ta hanyar gwaji ya samu, ko ta izini na musamman ga wanda komai ya gaza masa.

Wani abu kuma: jinyar tana tsayar da hari ne, ba ta gyara abin da ya riga ya lalace. Ƙodar da ta mutu har aka fara wanki ba za ta farfaɗo ba, huhun da ya yi tabo ba zai koma sabo ba.

Waɗanne haɗura ne a ciki?

Na farko zazzaɓi mai zafi da kan zo cikin 'yan kwanaki, lokacin da ƙwayoyin suka fara kisa suna zuba sinadaran kumburi a jini. Idan ya tsananta, hawan jini ya faɗi, numfashi ya yi wuya, sai ɗakin gobe da nisa. Ana kwantar da shi da allurar tocilizumab. A rahoton Erlangen mutum 10 sun yi mai sauƙi, ɗaya ya yi matsakaici, wato ya fi sauƙi a kan abin da ake gani ga masu sankara. Na biyu ruɗewar ƙwaƙwalwa, wadda gwajin rubutun nan ke kamawa. Na uku kamuwa da cututtuka a watannin da jiki ba shi da ƙwayoyin B, shi ya sa wasu ake musu ƙarin sinadaran garkuwa ta jijiya.

Na huɗu ya fi wuyar aukuwa amma ya fi muni. A watan Janairun 2024 FDA ta umarci kamfanonin CAR-T su sa babban gargaɗi a kan kayansu, bayan an samu wasu 'yan tsiraru cikin masu sankara da suka kamu da sabuwar sankarar ƙwayoyin T. Ga mai sankarar da ke bakin mutuwa wannan ciniki ne mai kyau. Ga budurwa 'yar shekara 25 da ke da shekaru masu yawa a gaba, lissafin ya bambanta.

Mu a nan akwai ƙarin abu biyu. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Najeriya da Nijar, da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, kuma share ƙwayoyin B na iya tayar da shi har hanta ta tsaya. Tarin fuka da ke kwance a jiki shi ma haka. Duk likitan da zai taɓa garkuwar jikinka bai auna waɗannan biyun da ƙanjamau ba, ka tashi ka bar wurin.

'Yata ba ta yi aure ba tukuna. Jinyar za ta hana ta haihuwa?

Hajiya, abin dubawa shi ne cyclophosphamide, domin yana cutar da ƙwan mace da maniyyin namiji, kuma illar na ƙaruwa da yawan maganin da kuma shekarun mutum. Wanda ake bayarwa kafin CAR-T kaɗan ne, wanda ake bayarwa kafin dashen ɓargo kuwa yana da yawa, har yakan ɗauke al'ada gaba ɗaya. Cibiyoyin kirki kan tayar da maganar adana ƙwai ko maniyyi tun kafin a fara. Ku tambaya da bakinku, kada kunya ta hana.

Dashen ɓargo fa? Na ji ana yi wa masu MS.

Wannan ya girmi CAR-T, tun shekarun 1990 ake yin sa ga cututtukan garkuwa, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Ana ɗebe uwayen ƙwayoyin jinin mutum a ajiye, a rushe garkuwar jikinsa da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da nasa ƙwayoyin su sake gina ta. Kamar a yi wa waya filashin ne: matsalar ta tafi, amma lambobin da ka adana ma sun tafi, shi ya sa ake sake yi wa mutum alluran rigakafi tun daga farko. A lura, maganin ne ke yin aikin, ƙwayoyin ceto kawai suke yi.

A MS, gwajin da Richard Burt na Jami'ar Northwestern ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya raba mutum 110 gida biyu. Cutar ta ci gaba ga mutum 3 cikin waɗanda aka yi wa dashe, da mutum 34 cikin masu shan magani. Amma waɗannan masu nau'in da ke tashi yana kwantawa ne. Wanda ya shekara da shekaru a keken guragu da wuya ya amfana.

A sikilerodama an fi ganin tsadar abin da rai. Gwajin Turai na 2014 ya ƙunshi mutum 156. Cikin 79 da ke rukunin dashe, 8 sun rasu a shekarar farko sanadiyyar jinyar kanta, amma bayan wasu shekaru wannan rukunin ne ya fi yawan masu rai. Gwajin Amurka na 2018 ya nuna bayan shekara shida kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashe suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 51. Hukunci ne mai nauyi ga iyali: haɗari babba yanzu, don tsira mai tsawo daga baya. A cutar Crohn kuwa gwajin 2015 bai cimma burinsa ba, wanda ya biyo bayansa a Ingila kuma an dakatar da shi saboda munanan illoli.

Wani asibiti a waje ya ce zai yi mini allurar ƙwayoyin cibiya, babu maganin sankara, babu haɗari. Gaskiya ne?

Waɗannan su ne MSC. A ɗakin gwaje-gwaje suna kwantar da kumburi, kuma an yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a kansu, amma sakamakon bai kai yawan surutun ba. Yawancin waɗanda aka sa ta jijiya a huhu suke maƙalewa, cikin 'yan kwanaki sun ɓace. Ba sa zama sabuwar ƙoda ko sabuwar gwiwa.

Tarihin Alofisel, wani maganin MSC, ya isa darasi. A 2018 Turai ta amince da shi don yoyon dubura na masu cutar Crohn, an yi ta murna. A 2023 babban gwaji na biyu ya nuna bai fi allurar ruwan gishiri ba, a watan Disambar 2024 aka janye shi daga kasuwar Turai. A wannan Disambar ta 2024 dai FDA ta amince da MSC na farko a Amurka, Ryoncil, amma don abu ɗaya tak: yaran da aka yi wa dashen ɓargon wani, sabon ɓargon ya afka wa jikinsu, maganin sitiroyid kuma ya gaza. Ba don lufus ba, ba don amosanin gaɓɓai ba.

Batun babu haɗari kuma ba gaskiya ba ne. A 2017 aka wallafa labarin wasu tsofaffin mata uku a jihar Florida da suka biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a idanu biyu. Dukkansu ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance ɗungurungum. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar bayan allurar jinin cibiya mai ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Garin da ake sayarwa a 'yan fakiti da sunan sitem sel, wato uwayen ƙwayoyi, a ce a zuba ƙarƙashin harshe fa?

Za ka gan shi a zauren WhatsApp: hoton tuffa da inabi, bidiyon wata baiwar Allah tana cewa ta jefar da sanda, sai jerin cututtuka daga suga zuwa sankara zuwa rashin haihuwa, a ƙarshe a ce in ka kawo mutum biyu za ka samu kaso. Garin tsiro ne. Busasshen gari ba shi da rayayyar ƙwaya, ko da yana da ita, ƙwayar tuffa ba ta zama ƙwayar mutum, ciki ma narkar da ita zai yi. Ƙwayoyi na gaskiya a sanyin da ya haura digiri 150 ƙasa da sifili ake adana su, ba a aljihun dillali a zafin Kano ba. Lambar NAFDAC a jikin fakiti, in ma ta gaske ce, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da cuta. Babbar ɓarnar ba kuɗin ba ne, ita ce mai lufus ta ajiye magungunanta ta koma wa garin, sai a dawo da ita asibiti ƙafafu sun kumbura, ƙoda ta tafi.

Mai ciwon suga zai iya rabuwa da insulin ta wannan hanya?

Maganar ta shafi nau'in farko ne kawai, mai kama yara da matasa. A shekarar 2000 ƙungiyar James Shapiro a Edmonton ta Kanada ta dasa wa mutum bakwai ƙwayoyin insulin na mamata, dukkansu suka daina allura na wani lokaci. A watan Yunin 2023 FDA ta amince da Lantidra, mai irin wannan tsari, ga waɗanda sugansu ke yawan faɗuwa har su suma. A 2025 kamfanin Vertex ya wallafa sakamakon ƙwayoyin da aka rene a ɗakin gwaje-gwaje: cikin mutum 12, guda 10 ba sa allurar insulin bayan shekara guda da yi musu jinyar. Sai dai duk wanda aka yi wa zai sha maganin danne garkuwa har abada, wato an sauya wani nauyi da wani. Ga yawancin masu cutar, insulin ya fi aminci.

Me ya haɗa wannan da kyautar Nobel ta 2025?

An ba Shimon Sakaguchi na Japan da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka kyautar ne kan gano ƙwayoyin T masu tsawatarwa, da ƙwayar gadon FOXP3 da ke sarrafa su. Sakaguchi ya bayyana su a 1995. Fatan shi ne a yawaita su a mayar wa mara lafiya, su kwantar da harin ba tare da an rushe komai ba. Ana gwadawa, amma har zuwa 2025 babu wanda ya kai kasuwa.

Sikila da ciwon gwiwar tsufa suna ciki?

A'a. Sikila ta gado ce, matsalar a jajayen ƙwayoyin jini take. Ana warkar da ita da dashen ɓargo, amma na wani mai lafiya, galibi ɗan uwa na jini. Ciwon gwiwar tsufa kuma gogewar guringuntsi ne. Amosanin gaɓɓai irin na garkuwa daban yake: yana kama ƙananan gaɓɓan hannu biyu lokaci guda, ya sandare da safe fiye da awa, kuma gwajin jini ke taimakawa a tabbatar.

Nawa ake kashewa, kuma ana yi a Najeriya?

Kymriah ya fito a kan dala 475,000, ban da kuɗin gado da sauran hidima. Indiya ta ƙera nata, NexCAR19, wanda aka amince da shi a watan Oktoban 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan farashi, amma don sankarar jini. Ana neman hanyoyin rage tsada. A 2024 likitoci a Shanghai suka ba da rahoton mutum uku da aka yi wa jinya da ƙwayoyin wani lafiyayye da aka gyara, wanda ke nufin ɗiba ɗaya na iya wadatar da mutane da yawa. Wasu kamfanoni kuma na gwada allurar da za ta mayar da ƙwayoyin T su zama CAR-T a cikin jikin mutum, ba sai an fitar da su ba.

A gida, abin da ake da shi dashen ɓargo ne. An yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro mai sikila, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Duka biyun sikila suka sa a gaba. A ganina abin da ya fi gaggawa a wurinmu shi ne ƙarancin likitocin wannan fanni, da yadda mace kan shekara ana yi mata maganin maleriya da taifot ko ana cewa sammu ne, kafin wani ya yi tunanin auna lufus.

Shari'a ta halatta?

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2003, ta halatta amfani da uwayen ƙwayoyi idan tushensu halal ne: daga baligi da yardarsa, daga yaro da izinin waliyyinsa, daga cibiya da mabiyiya da izinin iyaye. Ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba tare da uzurin shari'a ba. CAR-T da dashen ɓargon da ake yi wa masu cututtukan garkuwa galibi daga jinin mara lafiyan kansa suke.

Idan zan fita waje, me zan tambaya kafin in biya?

Ka nemi sunan abin da za a sa maka a rubuce, da hukumar da ta amince da shi don cutarka, ba don wata cuta ba. Idan aka ce gwaji ne, ka nemi lambar rajistarsa da takardar amincewar kwamitin ɗa'a, ka kuma sani cewa a gwajin kirki ba a sayar wa mara lafiya abin da ake gwadawa. Ka tambaya ko suna da ɗakin gobe da nisa da ma'ajiyar jini, mutum nawa suka yi wa, nawa suka rasu, wa zai bi lafiyarka bayan ka dawo gida. Asibitin da ke da allura ɗaya ga lufus da shanyewar ɓarin jiki da suga da tsufa, kasuwa yake ci. Ka kai wa likitanka na gida amsoshin kafin a sayar da gona ko fili.

Zan iya rage magungunana tunda na ji sauƙi, kafin sabuwar jinyar ta iso?

Kada ki yi haka da kanki. Yawancin masu lufus suna rayuwa da kyau da magungunan da ake da su: hydroxychloroquine, wanda ke rage tashin cutar yana kuma kare ƙoda, da azathioprine ko mycophenolate, da prednisolone gwargwadon buƙata. Mai shan hydroxychloroquine na buƙatar gwajin ido lokaci-lokaci, mai shan mycophenolate kuma kada ta ɗauki ciki sai an sauya mata magani, domin yana nakasa jariri. A riƙa auna fitsari don ganin ko furotin na zuba, tunda ƙoda kan lalace ba tare da ciwo ba. Prednisolone kuwa, wanda ya sha shi makonni jikinsa ya rage ƙera nasa sinadarin, in ya tsaya rana ɗaya yana iya yin amai, jiri ya ɗebe shi, hawan jini ya faɗi har ya suma. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni.